Yadda Ake Ƙera Jirgin Yaƙi a Garin da Babu Gulbi

Gesheme ba ta da gulbi. Abin da Allah ya ba mu shi ne Dallol Mawri, tsohon kwarin da kogi ya bari tun kafin kakannin kakanninmu, sai tabkunan damina da rijiyoyin lambu. Duk da haka a fadarmu ta shayi akwai rundunar jiragen yaƙi har shida, kowace a cikin littafin ɗan lakwal. Wasan sunansa "Da A Ce": da a ce a 1899, shekarar da ayarin Voulet da Chanoine ya auka wa Lugu ta Sarauniya Mangu, kwarin nan cike yake da ruwa tun daga Matankari har kusa da Gaya inda ya haɗu da Kwara, wane jirgi za ka ƙera ka tsare Arewa? Ana ba kowa tsakuwa 100, kamar 'ya'yan dara, da su zai sayi katako, igwa, sulke, inji da guzuri. Wani tsohon malamin makaranta ne alƙali. Tunda ka ce za ka zauna da mu daren Asabar, ƙanena, saurara.

Kafin ka zana komai, tambayi alƙali zurfin ruwa. Sabon shiga kullum da Dreadnought yake zuwa, jirgin Ingila mai manyan igwa 10. Alƙali zai tuna maka cewa sai 1906 aka ƙera shi, kuma gindinsa na nutsewa kusan mita 9 cikin ruwa. A dallol ɗinmu, ko a damina mai albarka, zai kafe cikin rairayi daf da gonar rake, mata su samu wurin shanyar kuɓewa. Dubi abin da masu sanin kogin suka yi. A 1896 Hourst, hafsan sojan ruwan Faransa, ya gangaro Kwara daga wajen Tumbutu da ƙaramin jirgin alminiyam mai suna Davoust, ya yi watanni a Say, ya ratsa duwatsun Busa inda Mungo Park ya halaka shekara 90 kafin nan, ya kai teku. Rashin nauyi ne ya fisshe shi. Yi gindinka shimfiɗaɗɗe kamar faifai, yadda ko ya kafe mutum goma za su sauka su tura.

Sai maganar igwa, inda zumunci ke lalacewa. Jirgi na son abu uku: wuta, sulke da gudu, alhali taura biyu ma ba ta taunuwa. Tobashina ya taɓa zuba tsakuwa 70 a kan igwa kaɗai, ya jera su hawa biyu, ya zana tuta a sama, ya ajiye littafin tsakiyar tabarma yana murza gemu. Alƙali ya gyara tabarau, ya ɗora yatsa a kan zanen, ya ce, "Ɗana, me ke ƙasa da zai riƙe wannan kaya?" Aka kaɗa wuri, iska ta taso daga gabas, jirgin ya kife tun ba a sauke shayin farko ba. Malam bai zalunce shi ba, abin ya taɓa faruwa. Ranar 10 ga Agusta 1628 jirgin sarkin Suwidin, Vasa, ya bar tashar Stockholm da igwa 64, nauyi duk a sama. Bai wuce tafiyar mita 1,300 ba iska ta karkata shi, ruwa ya kwararo ta tagogin igwa na ƙasa da aka bari buɗe, ya nutse a gaban 'yan kallo. Sai 1961 aka tsamo shi.

Saboda haka igwa ɗaya a goshi ta wadatar, ka kafa ta ƙasa-ƙasa. Za ka yi kwaɗayin bindiga mai ruwa, irin Maxim ɗin da sojojin kamfanin Turawan Ingila suka kai Bida a 1897. Tana cikin zamaninta, alƙali ba zai hana ka ba, amma zai tambaye ka kasuwar da za ka sayi harsashinta in ya ƙare, kuma ba a sayar da shi a kasuwar Tibiri. Ni maharba nake ɗauka. Kibiya mai dafin kwankwani ba ta jiran fatake, maƙerin gari ke ƙera ta, kuma baka aikin Arawa ne tun fil azal. Maharbi ashirin a bayan garkuwa, cikin ruwa mai ƙunci da gamba a gefe da gefe, sun fi igwa biyar da ba su da wurin juyawa.

Sulke kuwa, a nan nake so ka daɗe kana tunani. Labarin baka ya ce Kanta na Kabi yana da jirgi lulluɓe da tagulla, mai matuƙa 50. Kowa na son irinsa, ni ma ina so, domin ko a takarda yana da kwarjini. Sai dai tagulla za ta cinye rabin tsakuwarka. Tuna da lifidi: auduga da aka dinƙe tana tare kibiya a jikin doki. A Galveston ta Amurka, ranar 1 ga Janairu 1863, an jera dammunan auduga a jikin jiragen tururi biyu, aka far wa jiragen yaƙi na gaske, har aka kama ɗaya. Auduga muna nomawa. Ka dai ware yara biyu da ƙwarya su riƙa yayyafa mata ruwa saboda kibiyar wuta, kuma ka rubuta a littafi cewa jiƙaƙƙiyar auduga ta fi busasshiya nauyi, don malam ba ya mantuwa.

Injin tururi ka bar wa masu kuɗi. Itace yake ci kamar gara, in ka sa hannu a giginyar Bana da Bengu mutanen can za su zama abokan gabarka na biyu. Ɗauki Sarkawa da filafilai, ka biya su da kyau. Sonni Ali bai ci Jenne ba sai da jiragen masunta, Songai kuma ta naɗa wa jiragenta sarki guda, Hi-koy.

Kada ka manta da tsakuwa biyar na gero da kanwa, da ɗaya ta mai kwarfe ruwa. A makon jiya wannan tsakuwa ɗaya ce ta raba gardama: jirgina da na tobashina duk sun huje a mashigar Kore Mairuwa, nawa na da yaro da ƙwarya, nasa babu.

Ka zo da fensir da abin gogewa, biro ba ya yafiya. Sukari kuma a kan sabon shiga yake. Tobashina ya riga ya aiko a gaya maka ya ƙera sabon jirgi, wannan karon igwa 12, kuma wai ya sa duwatsu a ƙasa.