Wai Ba 'Ya'yanmu Ke Busa Ta Ba

Alhaji, saki fuska, ba wa'azi na zo yi ba. Na san abin da ke bakinka: don me za a ɓata kuɗin gwamnati wajen lallashin 'yan tasha su bar taba, su da suka sa kansu? A Kongolam, bakin iyaka, tambayi kowa su wa ke busa sigari, zai nuna maka arewa da haɓa, wai yaran Nijar ne. Tsallaka Ɗan Barto ka sake tambaya, a nuno maka kudu. Shi kuwa hayaƙin bai taɓa tsayawa a shingen kwastan an duba masa takarda ba.

In aka ce za a kama mashaya a ci su tara, kai ne farkon mai cewa madalla. In aka ce a'a, zama za a yi da 'yan kamasho da yaran mota da 'yan acaɓa da masu dako, a nuna musu hanyar bari, mai tari a kai shi asibiti, nan take sai ka tuna ƙasa ba kuɗi. Ashe bulala kake so, tunda mai shan dukan ba a gidanka yake cin tuwo ba.

Doka dai akwai ta. Nijar ta yi tata tun 2006. Tamu Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayun 2015, ana saura kwanaki ya miƙa mulki ga Muhammadu Buhari, mutumin Daura. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da kara ɗai-ɗai. Daga 2021 aka fara manna hotunan cuta masu tayar da tsigar jiki a rabin kwali. To, wa ke ganin hoton? Mai kuɗin sayen kwali guda. Yaron mota kara ɗaya yake saye, a zaro a miƙa masa, har da ashana kyauta. Hoton ya zauna yana tsorata mai tireda, wanda ba ya ma sha. Yaron nan sai an taka an same shi a tasha, kuma wannan takawar ce kake ce wa almubazzaranci.

Mu leƙa zaurenka, in ka yarda. Baba na can da taba gari da kanwa a ƙasan leɓe, ka ce ai ta tsufa ce. Inna na goga fure a haƙori bayan goro, ka ce ado ne. Ɗanka da ke karatu a birni na zuƙar shisha da abokai, ka ce ƙuruciya. Ta ɗan tasha ce kaɗai ta zama iskanci. Laifi tudu ne. Ganye ɗaya ne fa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ware ko ɗaya ta ce wannan lafiya lau ba. Ta ce taba na kashe mutum fiye da miliyan 7 duk shekara, fiye da miliyan 1 daga ciki ba su taɓa kunna ta ba, shaƙa kawai suka yi. Ranar Lahadi da za ka kasuwar Mai'adua da ƙaramar 'yarka, a bayan wa kuke zama a mota?

Kai kuma direba, daina murmushi, ban manta da kai ba. Kakanka ya sha taba ya shekara 90, ko? Kowane mashayi na da wannan kakan, har na fara zargin mutum ɗaya ne kuke aro. Abokansa da tari ya kwashe tun suna da ƙarfi, ba mai kawo sunansu a hira.

Alhaji, in har yanzu kana kan bakanka, je ka ce wa mai tiredan bakin layinku ya buɗe maka littafin bashi. Duba sunayen a hankali. Kar ka ce ni na aike ka.