Babban Yatsan Kawu

Maƙwabciyata a Orlando, wata dattijuwa Ba'amurkiya, ta ji an ce ina ɗaukar hoto, sai ta kawo mini bajojinta na Disney in ɗauka mata, za ta sa su kasuwa a eBay. Tun 1999 da aka fara musayar irin waɗannan bajoji a wurin wasan Disney take tarawa. Wanda ta fi ji da shi yana da 'yar taga a tsakiya, an maƙala yankin fim na gaske mai faɗin milimita 35 a ciki, daga The Lion King na 1994. Hoto 24 ke wucewa a daƙiƙa ɗaya ta fim, kowane bajo da nasa hoton, kuma abin da ke cikin tagar shi ke yanke kuɗi. Nata Simba ne, fuska a fili.

Matsalar ita ce fim ba ya ganuwa sai an haska shi ta baya. Filasha ta gaba ƙyalli kawai take dawo maka da shi. Fitila mai zafi kuma tana nannaɗe fim. Sai na manna farar takarda a gilashin taga don ta tausasa hasken rana, na nemi mai riƙe bajo. Ita hannunta na rawa. Saura Kawu, wanda ya zo mana ziyara daga Kano, yana zaune yana cin kilishin da ya tsallake kwastan da ikon Allah.

"Ni za ka nuna wa fim? Ina kallo a sinimar Plaza ba a haifi uwarka ba. Kai shi kan murhu, ya fi haske."

Na ce a'a, Kawu. Ya ce to a jiƙa shi, kala ta fito.

Matar ta miƙa masa farar safar hannu. Ya karɓa, ya yi godiya, ya goge baki da ita, ya sa a aljihu.

Na saita kyamara, Simba ya fito tas. Sai Kawu ya hango ƙura a kan fim ɗin. Har yanzu in na rufe ido ina ganinsa. Babban yatsa ya tashi, jajawur da yaji da man ƙuli. Ya tafi baki. Harshe ya fito ya tarbe shi. Ya juyo, yana sheƙi, ya nufi fuskar Simba a hankali, cikin natsuwar mai ƙirga kuɗi. Matar ta buɗe baki, murya ta ƙi fita. Ni kuma Turanci ya gudu, Hausa ta gudu, kuma yaro ba ya buge hannun kawunsa a gaban baƙi. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kawu, sallama ake yi!"

Ya waiwaya ƙofa. Matar ta yi tsalle irin na 'yar shekara ashirin ta fizge bajonta, allurar ta soke ta, ba ta ko ji ba. Yatsana kuwa yana kan maɓalli duk tsawon lokacin.

Hotunan sun yi kyau ƙwarai. Ana ganin kowane zane na yatsan, har da ƙwayar barkono.

Kawu ya duba ya ce, "Ka gani? Da ka bari na goge, da zakin ya fito."