Tsarabar Dubai, Ƙirar Kicin ɗin Hajiya

A watan Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Najeriya biza, kamfanin Emirates kuma ya dakatar da jiragensa saboda kuɗaɗensa da suka maƙale a Najeriya. An yi ta jajanta wa masu sarin gwal da abaya da turare. Amma babu wanda ya je jaje falukan manyan gidajen Kano da Kaduna da Abuja, inda farantin tangaran ɗin nan na tsakiyar teburi ya wayi gari babu dabinon da aka tsoma a cakulan, mai ƙwayar almon a ciki, naɗe da takarda ruwan zinare.

Wanda bai san dawan garin ba zai ce ai dabino ne, ga na Agadas ga na Dutse jibge a kasuwa ana auna shi da mudu. To wannan ba don ci kaɗai ake ajiye shi ba. Baƙuwa za ta ɗauki ɗaya, ta juya takardar, ta ga rubutun Larabci, ta ce, "Hajiya, ashe tafiya aka yi?" Ita kuma ta amsa cikin muryar gajiya, "Wallahi ɗan leƙawa muka yi." Wannan 'yar hira ce aka rasa har kusan shekara biyu, domin sai a Yulin 2024 aka sanar da ɗage takunkumin, Emirates kuma bai dawo Legas ba sai ranar 1 ga Oktoba.

Ana cikin wannan fari sai TikTok ya ƙara wa miki gishiri. A Disambar 2023 bidiyon wata mata tana gutsurar cakulan ɗin kamfanin Fix na Dubai, mai fistashiyo da kunafa a ciki, ya karaɗe duniya. Ita kanta mai kamfanin, Sarah Hamouda, kwaɗayin ciki ne ya sa ta ƙirƙiro shi. Ga shi a waya ana gani, ga hanyar zuwa a rufe. Sai uwargida ta ɗaura zani, ta ce in Dubai ba za ta karɓe ta ba, za ta kawo Dubai kicin.

A bidiyon koyar da haɗa dabinon cakulan, aikin bai wuce minti ɗaya ba: a cire ƙwallon dabino, a cusa almon, a soka tsinke, a tsoma, a jera. Abin da mai bidiyon ba ta faɗa ba shi ne cakulan ya fi amarya son lallashi. Man koko da ke cikinsa yana iya daskarewa ta siga shida, kuma ɗaya ce tak, ta biyar, ke ba da sheƙi da ƙarar nan ta "ƙas" idan an karya. Kafin a same ta sai an narkar da baƙin cakulan zuwa wajen digiri 45, a huce da shi zuwa 27, a sake ɗumama shi zuwa 31 ko 32. Uwargida, wadda ma'auninta ɗan yatsa ne, sai ta ɗora tukunya kai tsaye a kan gas, ta koma falo amsa waya. Ƙaurin ne ke kiranta.

Zagaye na biyu ta koyi ɗora kwano a kan ruwan zafi. Da ta ga ya yi kauri sai ta yi abin da kowace mai hankali ke yi wa miya: ta ɗan zuba ruwa. Cakulan kuwa ba ya shiri da ruwa ko kaɗan. Ɗigo kaɗan ya isa ya sa sukarin da ke ciki ya dunƙule, abu ya koma curi mai tsakuwa-tsakuwa, ko ludayi ba ya juyuwa a ciki. A nan ne ake fara zargin 'yar aiki.

A ce ma an tsallake wannan, saura gari. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa da zafin jikin mutum, shi ya sa yake narkewa a baki. A watan Afrilu kuwa Kano takan kai digiri 40, wato gaba ɗaya garin ya zama baki. Sai a ruga firiza. Wuta ta ɗauke da La'asar, ta dawo tsakar dare, da safe a buɗe a tarar dabino ya yi furfura. Ba lalacewa ya yi ba, mai ne ko sukari ya taso sama, kuma ana iya ci lafiya lau. Sai dai wa zai miƙa wa surukarsa tsarabar Dubai mai furfura? Mai son wannan sana'a da gaske, hunturu zai jira.

Akwai kuma ɓangaren dabara. Almon ya yi tsada, gyaɗa ta shiga. Cakulan na gaske ya gagara, sai a sayo na masu kek, wanda aka maye man kokonsa da man ƙwarar manja; shi ba ya buƙatar lallashi, sai dai yakan bar maiƙo a dasashi. Wasu ma Milo suke kwaɓawa da bota su yi tawakkali. Ba rowa ba ce zalla. A 2024 farashin tan ɗaya na koko ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya bayan amfanin gona ya yi ƙaranci a Kwaddibuwa da Ghana, daidai lokacin da dala ta wuce naira 1,500. Abin dariyar, kokon nan ana nomansa a Ondo da Osun da Kuros Riba, har da kuɗinsa aka gina Cocoa House a Ibadan a 1965. Sai ya ƙetare teku, an sa masa riga, sannan Hajiya ta yarda su gaisa.

Wadda ta yi nasara kuwa ba ta cewa ita ta yi. Tsohon gwangwanin tsarabar 2021 ake zarowa daga saman kabad, a goge, a jera ƙirar gida a ciki. Baƙi su ci, su lumshe ido, su tabbatar wa juna cewa kayan waje daban ne. Wata ma har ta rantse ta gane shagon da aka saya. Ƙananan 'yan mata da suka lura da wannan rauni sun mayar da shi jari: alawar madara da gullisuwa da kantu, waɗanda jiya ake saye a bakin makaranta, yau an tsoma su a cakulan, an ɗaura musu ribon, an raɗa musu sunan Turanci a Instagram, ana kai su gidan biki a kwali.

Saura tukwanen da ba su yi ba, waɗanda suka ƙone da waɗanda suka dunƙule. Zubarwa almubazzaranci ne, yara kuma sun ɗanɗana sun gudu. Don haka kullum da safe ake ɓantaro curi a jefa a shayin maigida, shi da ya biya kuɗin kayan, ya biya na gas, bai kuma taɓa cewa yana kewar Dubai ba. In ya tambayi abin da ke yawo a kofinsa, sai a ce masa, "Alhaji, sha kawai, na waje ne."