Mu a Kambarawa Kowa Ɗan Midil Ne

Mu a Kambarawa muna da wata ɗabi'a da baƙo ba ya gane ta sai ya kwana biyu. Da an idar da sallar La'asar, an shimfiɗa tabarmi a gindin dalbejiya, duk dattijon da furfura ta cika wa gemu ya zama ɗan Midil, wato tsohon ɗalibin makarantar Midil ta Katsina. Ba mai tambayar takarda. Ka dai gyara zaman hula, ka yi gyaran murya, ka ce "lokacin da muna Midil", shi ke nan an ba ka fili.

Kuma kowa ajinsu ɗaya da Buhari da Shehu 'Yar'aduwa, Allah Ya ji ƙansu. Gaskiya ne su biyun sun yi karatu tare a nan Katsina, bayan makarantar ta tashi daga Midil ta koma Sakandaren Lardi, Buhari ya gama a 1961, daga bisani duka suka shiga soja. Amma na taɓa zama na ƙirga mutanen unguwarmu da suka ce benci ɗaya suka zauna da Janar Buhari. In duk gaskiya suka faɗa, bencin nan daga Ƙofar Soro ya tashi, bai tsaya ba sai Ƙofar Ƙaura.

Ban ga laifinmu sosai ba. A garin nan Gwamna Clifford ya buɗe Kwalejin Katsina a 1922, inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. A 1938 aka ɗauke mana ita zuwa Kaduna, daga can ta wuce Zariya, ita ce Barewa ta yau. Da ta tafi sai muka rungumi Midil hannu bibbiyu. A nan ne fa Malam Abubakar Imam yake koyarwa sa'ad da ya rubuta Ruwan Bagaja a 1933. Makarantar da malaminta ya ƙago Malam Zurƙe, ai ba abin mamaki ba ne in har maƙwabtanta sun iya shirya zance.

Ni dai na gano yadda ake rarrabe ɗan Midil na gaske da na majalisa. Na majalisa da sunayen manya yake farawa. Na gaske kuwa, ƙararrawa yake fara tunawa.

Muna da guda ɗaya tak wanda kowa ya yarda da shi, wani Baba da ya yi aikin En'e har ya yi ritaya. Ba shi da yawan magana. Ran nan na matsa kusa da shi na ce, "Baba, wai da gaske kun sha daɗi a Midil?" Ya dube ni ya yi murmushi. "Ɗana, daɗi? Ka taɓa alwala da ruwan randa a tsakiyar hunturu, ƙararrawa na bugawa, kyaftin na tsaye a kanka?"

Daga nan bakinsa ya buɗe. Ya ce yara ne aka tattaro daga ko'ina cikin lardi, na Daura, na Mani, na Kankiya, na Malumfashi, na Funtuwa, aka rarraba su gida-gida, kowane gida da kyaftin ɗinsa, hedboi na bisa kowa. Ƙarami shi ke ɗebo ruwa, shi ke wanke wa babba riga, yana haƙuri don ya san wata rana shi ma za a wanke masa. Ranar Asabar a zo duba tsafta, a duba shimfiɗa, a buɗe akwati, a ce miƙo hannu a ga farce. Da damina kowa da kunyarsa a gonar makaranta, kuma ba a raba ɗan sarauta da ɗan talaka wajen riƙe fartanya. Abinci kuwa, ya ce ko da wane suna aka kira shi, loma ba ta kwana.

Sai ya buɗe mini tafin hannunsa na dama. "Ka ga wannan? Fayif ce." Wasan nan da ake dukan ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, biyu da biyu, wanda Turawa suka kawo daga makarantar Eton ta Ingila, Sardauna ya ƙware a kansa tun yana Kwaleji. Baba ya ce su da hannu tsirara suke bugawa, har tafi ya yi kanta. Wanda ya ci wa gidansu gasa, mako guda ba mai aikensa.

Da dare kuma a yi muhawara da Turanci, wai tsakanin manomi da ɗan kasuwa wa ya fi amfani. Yaro ya miƙe da ƙarfinsa, Turancin ya ƙare masa a tsakiyar hanya, ya tsaya yana kallon rufi, 'yan gidansu na raɗa masa. Amma abin da ya sa Baba dariya har da hawaye shi ne wasan kwaikwayo. Da yake babu mata a makarantar, sai a zaɓi mai siririyar murya, a aro zane da kallabi a cikin gari, a ɗaura masa. Ya ce akwai wanda ya fito a matsayin amarya sau ɗaya tak, sunan ya bi shi har ya zama babban ma'aikaci a Kaduna.

Ranar Juma'a ce tasu. A fito cikin fararen kaya da jar dara, a jera zuwa masallaci, a hangi Sarki Usman Nagogo da dogarai. In an sauko, mai dangi a gari ya leƙa gida, a ba shi taro ko sisi, ya ƙare a ƙuli-ƙuli da alewa. Na ƙauye kuwa, abokinsa ɗan birni ya ja shi gidansu ya ci tuwon uwa. Baba ya ce zumuncin da ya fi ƙarko a nan aka ƙulla shi.

Yana cikin wannan sai wani Kawunmu, wanda ya fi kowa zama benci ɗaya da Janar, ya karɓe zancen, yana ba da labarin yadda ya kayar da hedboi a muhawara. Ashe yayarsa na zaune a zaure tana jin komai. Ta ɗaga labule ta ce, "Kai Malam, ji tsoron Allah. Ranar da mai unguwa ya zo rubuta yaran boko, ba ni na taya Inna cusa ka cikin rumbu ba? Kwana biyu ka yi kana cin gero tsaba."

Majalisa ta yi tsit. Kowa ya san haka aka yi a gidaje da yawa a wancan zamani, har da gidajen wasu da ke zaune a tabarmar. Kawu ya gyara hula, ko gezau, ya ce, "Ai Yaya, ko a cikin rumbun ina jin ƙararrawarsu."

Baba ya share hawayen dariya da bakin rigarsa ya ce, "Tun da ya ambaci ƙararrawa, a ba shi aji ɗaya."