Kyauta Ce, Rance Ne, Ko Jari?

Mu fa ba ma yin gida mu kaɗai. Ko sunan mutum ɗaya ne a takarda, in ka tona za ka tarar da sarƙar Hajiya a harsashi, kuɗin filin Baba a bulo, kwasar adashen Yaya a rufin kwano. Da an ji wane zai mallaki muhalli, kowa sai ya kawo gudummawarsa, a yi addu'a Allah ya sa a shiga a sa'a. Hali ne mai kyau, ba mai musu. Matsalar tana tasowa ne in banki ya shigo tsakani, don shi banki bai san kara ba, bai san alkunya ba. Tambayarsa ɗaya ce: kuɗin nan na waye?

'Ya'yanmu da ke Ingila da Amurka su suka fi shan wannan tambaya. A can ba kasafai ake sayen gida kuɗi hannu ba. Mutum zai ajiye kafin alƙalami, a Ingila aƙalla kashi 5 ko 10 cikin ɗari na kuɗin gidan, banki ya cika sauran, a yi ta biya wata-wata har shekara 25 ko 30. Kafin alƙalamin nan ne ke sa yaro ya bugo waya gida. Baba ya sayar da fili, a canza naira zuwa fam, a tura. Ana cikin murna sai lauyan cinikin ya ce da saura: ana son wasiƙa daga wanda ya ba da kuɗin, da sa hannunsa, yana shaida cewa kyauta ce ba rance ba, ba ya jiran a biya shi, kuma ba shi da haƙƙin ko taku ɗaya a gidan. A haɗo da shaidar ko shi wane ne, da bayanan asusunsa, a ga daga ina kuɗin suka fito, saboda dokar hana halatta kuɗin haram.

To, a nan ake yin ta.

"Kai, ni zan rubuta da hannuna cewa ba ni da komai a gidan ɗana?"

"Baba, ƙa'idarsu ce kawai."

"To ka gaya musu filin gado ne. Tun ba a haifi lauyan nasu ba muke noma shi."

Ta Hajiya ma ta fi ban dariya. Ina za ta samo rasiɗin sarƙar da ta sayo a Makka tun yaron yana goye? Uwar adashe kuwa bayanan asusunta duk suna cikin wani littafin makaranta da ke ƙarƙashin katifa.

Amma fa bankin yana da hujja. In rance ne, to akwai wani bashin a wuyan mai albashin nan, kuma zai iya hana shi biyan nasu. In kuma biya ya gagara aka zo sayar da gidan, ba sa son wani kawu ya ɓullo yana cewa da rabonsa a ciki.

A nan gida Najeriya ma maganar tana nan. Tun dokar 1992 ake yankar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikata ana zubawa a Asusun Gidaje na Ƙasa, kuma bankin lamunin gidaje na tarayya, FMBN, yana ba da bashi daga ciki da ruwa kashi 6, a biya har tsawon shekara 30. Da yawanmu da jin kalmar ruwa sai mu ja da baya, mu nufi bankunan Musulunci irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, inda banki ke sayen gidan ya sayar maka da riba sananniya, ko ku yi tarayya kana sayen kasonsa kaɗan-kaɗan. Ko a can ɗin, galibi sai ka zo da naka kason tukuna. Naka kason kuwa, mun san daga aljihun wa yake fitowa.

Abin da ba mu cika faɗa ba shi ne kyautarmu wutsiya gare ta. Kawu zai ce, "Na ba ka halak malak, duniya da lahira." Baɗi war haka ɗansa ya samu jami'a a garinku, sai ga shi da jaka. Gwaggo kuma a tsakiyar taron biki za ta ɗaga murya, "Ai gidan nan da kuɗina a ciki." Ka kuskura ka sa shi a kasuwa ba shawara, ka ga taron dangi na gaggawa. Wadda ta fi shiga uku ita ce uwargida da ta sayar da gwal ɗinta da kayan ɗakinta ta miƙa wa maigida, takarda ta fito da sunansa shi kaɗai, bayan shekara biyu aka kawo amarya ɗakin da ta biya kuɗin tayil ɗinsa. Ranar rabon gado kuwa kowa ƙwaƙwalwarsa ke dawowa: "Kuɗin filin nan ai rance Baba ya ba shi, a maido cikin dukiya." Wanda zai raba gardamar yana kabari.

Abin mamaki, mu aka fara yi wa umarnin rubutu. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir ya nuna Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ƙi yin shaida a kan kyautar da uba ya keɓe wa ɗa guda ya bar sauran. Risala ma da muke karantawa a zaure ta yi bayani: uba yana iya janye kyautar da ya yi wa ɗansa, amma ba bayan ɗan ya yi aure ko ya ci bashi saboda ita ba. Ke nan da yaro ya ɗora bashin banki a kan kuɗin Baba, ƙofar janyewa ta rufe. Duk mun san wannan, kunya ce kawai ke hana mu. Wa zai dubi idon babansa ya ce a kawo biro?

To a daure a kawo. Kafin kuɗi su shiga hannu, a russuna a tambaya cikin ladabi: "Kawu, kyauta ce, rance ne, ko jari ka zuba?" In kyauta ce a rubuta, sauran 'yan'uwa su sani. In rance ne a sa lokacin biya, kuma kada a je a ce wa banki kyauta ce, don wannan ƙarya ce mai sa hannu, tana iya kai mutum kotu. In uwargida ta zuba, a sa sunanta ko a rubuta mata kasonta. Kawu zai ɓata rai na kwana biyu, ya ce yaran zamani ba su da ta ido, daga baya ya huce. Shi kuwa ɗan nasa, ko an rubuta ko ba a rubuta ba, yana nan tafe da jakarsa. A share masa ɗaki.