Shugaban da aka naɗa don ya kasa

Yanzu da ake shirin noman rani, kuma ake ta ƙus-ƙus a kan wanda zai riƙe ƙungiyoyin masu ban ruwa daga Bunkure zuwa Kura, akwai wani fim na barkwanci da nake so iyayenmu dattawa su ji labarinsa. Sunansa The Hudsucker Proxy, wa da ƙani Joel da Ethan Coen suka fitar da shi a 1994.

A birnin New York ne, ƙarshen 1958. Mai wani ƙaton kamfani ya faɗo daga hawa na 44 ya mutu, aka ce ranar 1 ga Janairu za a sayar wa jama'a hannun jarinsa. Sai babban darakta, Mussburger, ya tara abokansa suka ƙulla: a ɗora wawa a kujerar shugaba, mutane su tsorata, farashi ya karye, su saye komai da arha. Suka lalubo Norville, ɗan ƙauye sabon shiga a ɗakin wasiƙu, suka sa masa kwat, suna yi masa ranka ya daɗe.

Abin da ya fi ci mini rai, a wannan ƙulli nasu daraktocin ba su damu da ma'aikatan da ke ƙasan benen ba. Duk wanda gonarsa ke wutsiyar kanal ya san wannan hali. Ruwan Tiga yana tahowa, amma in aka rasa mai tsawatarwa a ƙofar ruwa, kacala ta cinye hanya, tumatirin na ƙarshe ke fara yaushi, kuma shi ake fara yi wa tayin jingina. Mai tayin kuwa ba baƙo ba ne.

Norville yana da wani zane na da'ira da kowa ke yi wa dariya. Daraktocin suka bari a ƙera, don a ƙara asara. Ashe zoben roba ne da yara ke juyawa a ƙugu. Amurka ta ɗauka, farashi ya yi sama, su kuwa sun riga sun sayar da nasu.

Akwai kuma wasiƙar mamacin da aka aiki Norville ya kai tun ranar farko, ya manta da ita. Da aka buɗe, sai ga wasiyya: hannun jarin duka na wanda ya gaji kujerar ne. Mussburger a gidan mahaukata ya ƙare.