Dalma ko Litiyam: Nazari a kan Wata Tsohuwar Motar Lantarki da Abin da Ya Sami Mai Ita

Batirin dalma, wanda makanikai ke kira batir mai ruwa, shi ne mafi tsufa a cikin baturan da ake iya yi wa caji a sake amfani da su, domin tun a shekarar 1859 Gaston Planté na ƙasar Faransa ya ƙirƙiro shi, kuma har yau tsarinsa bai sauya sosai ba: farantan dalma ne ake jiƙawa a cikin ruwan asid na farar wuta, kowane gida, wato kowane ɗaki guda na cikin batirin, yana ba da wuta bolt 2. Batirin litiyam kuwa sai a 1991 kamfanin Sony ya fara fitar da shi kasuwa, kuma a 2019 aka ba John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel saboda aikinsu a kansa. Motocin lantarki da dama an ƙera su ne a lokacin da litiyam ke da ɗan karen tsada, saboda haka da dalma suka fito, kamar EV1 ta Amurka a 1996, da kuma Reva ta birnin Bangalo na Indiya a 2001, wadda aka sayar a Landan da sunan G-Wiz, tana ɗauke da batura 8 masu bolt 6 a ƙarƙashin kujera, jimilla bolt 48. Irin waɗannan motoci sun samu karɓuwa a Landan saboda an yafe musu kuɗin cunkoso da aka fara karɓa a tsakiyar birnin a 2003, kuma da yake mota ta fi batirinta tsawon rai, duk wanda ya gaji ɗaya daga cikinsu ya gaji tambayar da wannan nazari ya sa a gaba.

Mai wannan nazari, wanda malamin makaranta ne da ke zaune da iyalinsa a gefen birnin Landan, ya sayi wata ƙaramar mota mai irin wannan tsari a farashin da ya kamata ya sa mai hankali ya tsaya ya yi tambaya, musamman ganin yadda mai sayarwar ya raka shi har bakin titi yana sa masa albarka. Baturanta sun riga sun mutu. Lissafin da ke gabansa a fili yake: kowane kilo na batirin dalma yana riƙe wat-awa 30 zuwa 40, wanda shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke iya adanawa, shi kuwa litiyam yana riƙe ninkin haka uku ko fiye, kuma yana jure caji dubbai a inda dalma ke gajiya bayan ɗaruruwa. Sai dai kuɗin da ake biya a ranar saye ya fi duk wani lissafi ƙarfin murya, don haka mai nazarin ya zaɓi dalma, ya kuma bayyana wa uwargidansa cewa ya yi hakan ne domin girmama asalin motar. Ita ta ce araha ba ta ado, amma ba a shigar da wannan ra'ayi cikin sakamakon bincike ba.

Abu na farko da bincike ya tabbatar shi ne nauyi, domin kowane batir mai bolt 6 na irin wanda ake yi domin a riƙa zuƙe shi a hankali yana kai kilo 30 ko kusa da haka, takwas ɗin kuwa sun doshi kilo 240, kuma ƙugun mai nazarin ne ya fara shaida wannan adadi. Na biyu shi ne ƙishirwa. Yayin caji, ruwan da ke cikin batir yana rabewa zuwa iskar haidirojin da oksijin, saboda haka dole ne a riƙa ƙara masa tataccen ruwa, wato wanda aka tafasa aka tara tururinsa, a cikin gidaje 24, kuma dole ne gareji ya samu iska, tun da haidirojin ba ya bukatar fiye da tartsatsi guda kafin ya yi bindiga. A wajen wannan hidima aka gano cewa ɗigon asid ba ya nuna aikinsa a jikin shadda nan take, sai bayan an wanke ta, lokacin da babbar rigar Sallah ta fito daga injin wanki da ƙananan tagogi a gabanta.

Akwai kuma dokar da Wilhelm Peukert na Jamus ya bayyana a 1897, wadda ke cewa gwargwadon saurin da ake jan wuta daga batirin dalma, gwargwadon raguwar abin da zai iya bayarwa. Adadin da ake rubutawa a jikin batir yawanci na awa 20 ne na ja a hankali, mota kuwa tana so ta shanye rabonta cikin awa guda. Bayan haka, masana suna ba da shawarar kada a zuƙe fiye da rabin cajin, ta yadda batura masu kilowat-awa 9.6 a takarda ba su da abin a zo a gani a kan titi. Mafi muni shi ne barin batir babu caji, domin a lokacin ne wani farin gishiri ke daskarewa a jikin farantan ya hana su karɓar wuta. Mai nazarin ya gwada wannan ka'ida gwaji na haƙiƙa sa'ad da ya tafi gida hutu ya bar motar a yashe, ya dawo ya tarar kimiyya ta yi gaskiya.

Da aka koma ga litiyam, an zaɓi nau'in da ake haɗawa da ƙarfe da sinadarin fosfet, wanda ya fito daga ɗakin binciken Goodenough a Jami'ar Tezas, kuma ya fi sauran nau'o'in wuyar kamawa da wuta. Kowane gidansa bolt 3.2 ne, gida 16 sun ba da bolt 51.2, kuma duka kayan ba su kai kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin dalmar da aka fitar ba. A nan ne aka fahimci cewa waɗanda suka ƙera motar sun ɗora lissafin sifirin ɗinta da daidaituwarta a kan wancan nauyi da ke kwance a ƙasa. Motar ta ɗago sama, ta koma tsalle a kan kowane tudun rage gudu, kuma duk babbar motar da ta wuce ta sai iskarta ta matsar da ita gefe. An magance matsalar da buhunan yashi, ta yadda mai nazarin ya biya kuɗi mai yawa domin ya rage nauyi, sannan ya sake biyan wani kuɗin domin ya mayar da shi.

Tsohuwar caja ita ma ba ta tsira ba. Cajar dalma takan ɗaga wuta lokaci-lokaci sama da bolt 60 domin ta daidaita gidajen batir, alhali iyakar litiyam mai gida 16 bolt 58.4 ne, saboda haka sai da aka sayi sabuwa. Haka nan litiyam ba ya zama sai da na'urar gadi, wata 'yar kwamfuta da ke lura da kowane gida, tana yanke wuta idan caji ya yi yawa, ko ya yi ƙasa, ko zafi ko sanyi ya wuce kima. Wannan na'ura ba ta da lallashi. Idan sanyi ya kai ga daskarar da ruwa, caji yana sa litiyam ya kwanta a matsayin ƙarfe a cikin batir ya lalata shi, don haka na'urar takan ƙi karɓar wuta gaba ɗaya, kuma a safiyoyin hunturu da dama an ga mai nazarin a tashar bas, yana bayyana wa maƙwabta cewa motarsa lafiya lau take, kare kanta kawai take yi.

Babban abin da ya kamata masu bincike na gaba su kula da shi shi ne geji. Gejin tsohuwar mota ƙarfin wuta yake aunawa, kuma hakan ya dace da dalma, wadda halinta irin na jaki ne: idan ya gaji yakan rage tafiya, ya sunkuyar da kai, ya ba mai shi isasshen lokaci ya nemi inuwa. Batirin dalma mai bolt 48 idan ya cika fam bai cika wuce bolt 51 ba, shi kuwa litiyam yana zaune a kan 52 zuwa 53 a mafi yawan tafiyarsa, sai dab da ƙarewa yake faɗowa. Sakamakon haka allurar gejin ta kafe a kan cika, mai nazarin kuma ya ɗauki wannan a matsayin hujjar nagartar zaɓinsa.

An kammala gwajin ne a wata ranar Juma'a, lokacin da surukinsa, dattijon da ya zo daga Zariya ganin jikoki, ya amince a kai shi masallaci a cikin motar. Dattijon ya san batir, domin ya daɗe yana fama da na sola a gidansa, kuma tun daga gareji ya tambaya ko an yi caji.

"Allah ya ƙara maka lafiya, Baba, ai tun shekaranjiya a cike take," in ji mai nazarin, yana nuna allura.

"To, Malam, batirin da ake ci ba ya raguwa, sai dai a Aljanna," in ji dattijon, ya shiga ya zauna, gwiwoyinsa na taɓa ƙirjinsa.

A tsakiyar wani shataletale mai hannu uku na'urar gadi ta ga gida ɗaya ya kai iyakarsa, ta yanke wuta, motar ta yi shiru ba tare da ko tari ba, allura ta zube ƙasa a karon farko tun da aka sa sabon batir. Mas'alar da ta biyo baya ta fi ƙarfin kimiyya, domin dole ɗaya ya tura ɗaya ya riƙe sitiyari, dattijon bai taɓa tuƙi ba, kuma babu wata al'ada da ta yarda suruki ya tura motar mijin 'yarsa. Aka tsaya a kan cewa mai nazarin zai tura ta taga yana murza sitiyari da hannu guda, dattijon yana zaune a ciki yana jan carbi yana ɗaga wa masu hon hannu. A nan aka samu ƙarin bayani mai amfani, cewa rangwamen nauyin da litiyam ke yi wa mai turi buhunan yashi sun riga sun cinye shi. Sun isa masallaci bayan an sallame, mai janwe kuma ya iso kafin la'asar.

Gyaran bai da wuya, domin akwai 'yar na'urar da ke ƙirga wutar da ta shiga batir da wadda ta fita, ita ce ke faɗin gaskiya game da litiyam, kuma kuɗinta bai kai na janwe ba. Da aka haɗa kuɗinta da na caja da na na'urar gadi da na shimfiɗar ɗumama batir, aka kuma sanar da kamfanin inshora cewa an sauya wa motar tsari, kamar yadda sharuɗɗansu suka tanada, jimillar ta wuce kuɗin motar kanta nesa ba kusa ba. Ra'ayin mai nazarin shi ne, wanda ke hawa motarsa kullum kuma yake da niyyar riƙe ta shekaru zai mayar da kuɗin litiyam, wanda kuwa kasuwa kawai yake zuwa da ita a ƙarshen mako, dalma da galan na tataccen ruwa da tsohuwar riga sun ishe shi. Matattun baturan an sayar wa masu sayen gwangwan a kan kilo, tun da dalma narkar da ita ake yi a sake ƙera wani batirin, kuma wannan shi ne kuɗi kaɗai da motar ta taɓa shigowa da shi gidan. Dattijon ya kammala sauran Juma'o'insa a bas mai hawa biyu, kuma da ya koma Zariya ya shaida wa dangi cewa mijin 'yarsa mutum ne mai ladabi, da hannunsa ya kai shi masallaci.